Tambayoyi da Amsoshi: Sabunta Alam na Gida da Kare Akwatin Sarrafawa a Gombe

Waɗannan su ne tambayoyin da magidanta a Gombe suka fi maimaitawa idan maganar sabunta alam, wato ƙararrawar tsaro, ko kyamarar gida ta taso, daga masu tsofaffin gidaje a Jekadafari da Bolari har masu sababbin gine-gine a Tumfure. Alƙaluman da aka kawo na kayan da aka saba gani ne. In takardar da ta zo da na'urarka ta faɗi wani abu daban, ita za ka bi.

1. Mene ne akwatin sarrafawa? Shi ne allon da nake danna lamba a bakin ƙofa?

A tsarin da aka yi da kyau, abu biyu ne daban. Allon lambobi ɗan aike ne kawai, ka danna masa lamba ya kai saƙo. Akwatin sarrafawa, wanda masu aikin ke kira fanel, shi ne ƙwaƙwalwar. A cikinsa akwai allon lantarki, batirin ajiya, abin caji, da ɓangaren da ke ɗauke da layin waya ko haɗin intanet. Wayoyin sensa, wato 'yan na'urorin da ke gano motsi ko buɗe ƙofa, da na jiniya duk a nan suke haɗuwa. Shi ke yanke hukuncin a yi ihu ko a yi shiru, shi ke kiranka a waya.

In ɓarawo ya farfasa allon lambobi, ƙararrawa ma ya tayar wa kansa. In kuwa akwatin ne ya shiga hannunsa, magana ta ƙare. Yawancin ƙananan alam masu araha sun haɗa allo da ƙwaƙwalwa da jiniya da layin waya a jiki ɗaya, a rataye su a falo kamar agogon bango. Irin wannan bugun taɓarya ɗaya ya ishe shi. Duba tambaya ta 5 da ta 7.

2. Alam ɗina yana aiki. Me zai sa in taɓa shi?

Yin ƙara idan an buɗe ƙofa bai isa shaidar lafiya ba. Gwada abu uku. Kashe wutar gidan ka ga awa nawa zai kai kafin ya mutu. Tayar da shi da gangan ka ƙirga daƙiƙa nawa saƙo ke ɗauka kafin ya iso wayarka, in ma ya iso. Sannan buɗe murfin akwatin alhali alam ɗin a kashe yake, ka ga ko zai yi kuka. Wanda ya faɗi ko da ɗaya daga cikin ukun nan yana buƙatar gyara. Haka wanda aka haɗa shi da wayar tarho ta girke da aka daina amfani da ita, da wanda ba ka san lambar sirrin mai haɗawa ba, da wanda iyali suka daina kunnawa saboda yawan ƙarar banza.

3. Sai an cire komai an sa sabo?

Ba dole ba. In tsohon tsarin mai waya ne, wayoyin da ke cikin bango, maganaɗisun ƙofa, sensar motsi masu 12V da jiniya galibi suna aiki da akwatin kowane kamfani. Abin da ake canzawa shi ne akwatin, batirinsa, da allon lambobi, domin allon wani kamfani ba ya jin yaren akwatin wani. Sai kuma ƙananan rezisto, wato 'yan abubuwan da ke rage gudun wuta, da ke ƙarshen kowace waya: DSC na amfani da 5.6k, Honeywell Vista 2k, Paradox 1k. Mai haɗawar da ya yi kasalar bin kowace sensa ya canza su zai cusa sababbin a cikin akwatin, kuma wannan yana kashe amfaninsu gaba ɗaya, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 8.

Kafin a amince da tsohuwar waya a gwada kowane layi da mitar gwaji ta masu aikin wuta. Ɓera da gara suna yi wa wayar da ke silin ba tare da bututu ba ɓarnar da ido ba ya gani daga ƙasa.

4. Mai waya ko mara waya, wanne ya fi?

Wanda ke gini bai kai ga filasta ba, ya sa bututu ya ja waya. Sensa mai waya ba ta cin batiri, ba a toshe mata sigina, kuma ta fi araha. Waya mai jijiya 4 ko 6 ake ja wa kowace sensa, a nisanta ta da wayar wuta da aƙalla santimita 30.

Gidan da aka riga aka gama, mara waya ya fi sauƙi, amma iri biyu ne. Masu araha da ke aiki a 433MHz da lamba ɗaya tak wadda ba ta canzawa, ana iya kwafar rimot ɗinsu, kuma in aka cire sensa aka jefa ta a rijiya akwatin ba zai sani ba. Araha ba ta ado. Masu kyau, irin Ajax ko Hikvision AX Pro, suna ɓoye saƙonsu, kuma akwatin yana bibiyar kowace sensa a kai a kai, wadda ta yi shiru ya sanar da kai. Nemi wanda aka rubuta masa Grade 2 na ƙa'idar Turai ta EN 50131, shi ne matakin da aka saba sa wa gidaje. Nisan da ke jikin kwali kuma na fili ne fetal. Rufin kankare da ƙofofin ƙarfe suna cinye mafi yawansa, don haka a gwada ƙarfin sigina a wurin kafin a ɗaure kusa.

5. A ina ya kamata a kafa akwatin?

Wannan tambayar ta fi zaɓen kamfani muhimmanci. Wuri ake nema a can cikin gida, wanda ba a isa gare shi sai an ratsa aƙalla sensa biyu: sito mai ƙofa da makulli, lungun turakar maigida, ko saman kabad ɗin bango. Kada ya zama yana da taga mai kallon waje, kada kuma a hango shi daga falo ko tsakar gida. Ɗakin maigadi, gareji, zaure da kicin duk ba wurarensa ba ne. Ukun farko baƙo na shiga, na ƙarshe kuma zafi da tururi da maiƙo. Kusa da mitar wuta ko allon rarraba wuta ma kuskure ne, duk da cewa masu haɗawa suna son wurin saboda gajerar waya, domin nan ne farkon inda mai neman kashe wuta zai nufa.

A ɗaure shi a bangon bulo da kusoshi huɗu masu roba, a tsayin da babba zai kai da kujera, yaro kuma ba zai kai ba. Wayoyi su shigo ta bayansa daga cikin bango, kada a bar ko taƙi ɗaya a fili da almakashi zai kama. Ɗakin kansa a sa masa maganaɗisu a ƙofa da sensar motsi a ciki, a saita su a kan shiyya, wato layinsu a akwatin, wadda ke tashi nan take ba jira. In silin ɗin ɗakin na kwali ne ko filasta, a tuna ana shigowa ta sama, sensar cikin ɗakin ita ce maganin wannan.

Kada a manna ƙaramar jiniyar cikin gida a jikin akwatin ko kusa da shi. Mai shigowa sautin yake bi, kada jiniyarka ta zame masa jagora. Kafin a huda bango kuma, a tsaya da wayar hannu mai irin layin da za a sa, a tabbatar akwai sabis a lungun. In babu, eriya ake ja zuwa sama, akwatin yana nan inda yake.

6. An ba ni shawara in ɓoye shi cikin silin. Ya dace?

Ɓuya kam ya ɓuya, amma zai dahu. A watan Maris da Afrilu zafin Gombe kan kai digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuwa ya wuce haka nesa. Batirin alam an yi shi ne don digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana cinye kusan rabin rayuwarsa. Ƙari a kan haka, abin da sai da tsani ake kaiwa gare shi ba wanda ke duba shi, kuma silin hanya ce ta ɓarayi da ɓeraye baki ɗaya.

7. Ɓarawo zai iya lalata akwatin kafin ya aika saƙo?

Zai iya, kuma ta lokacin jira yake bi. Idan ka buɗe ƙofar shiga, na'urar tana ba ka wasu daƙiƙu ka kashe ta. Ɓarawo ma su yake samu. In an saita minti ɗaya, akwatin kuma yana nan a falo yana ƙiftawa, ya isa ya fizge shi ya cire batiri tun bai kira kowa ba.

Mataki na farko shi ne raba allo da akwati. Na biyu, a rage jiran zuwa daƙiƙa 15 ko 20. Ƙa'idar EN 50131 ma ba ta yarda ya wuce 45 ba. Na uku, ƙofa ɗaya kaɗai za a ba jira, sauran ƙofofi da tagogi duka su tashi nan take. Wanda ke kashewa da rimot ko manhaja daga waje yana iya cire jiran gaba ɗaya. Na huɗu, a zaɓi akwatin da ke gaisawa da sabar kamfaninsa, wato babbar kwamfutarsu, ta intanet a kai a kai: in aka fasa shi ya yi shiru, sabar ce za ta turo maka sanarwa cewa gidanka ya ɓace mata. A saita wannan tazara gajera, minti ɗaya zuwa uku. A ƙarshe, jiniyar waje ta zama mai batirin kanta, wadda yanke wayarta ko mutuwar akwatin ke sa ta kuka. A ɗaga ta sama da mita 3.

8. Mene ne tamfa, kuma me rezisto ke yi?

Tamfa ɗan maɓalli ne mai sifirin da murfi ke dannewa. Da an buɗe murfin ya saki, alam ya tashi, ko a kunne yake ko a kashe. Akwati mai kyau yana da biyu, na murfi da na baya wanda ke jin an ɓamɓare shi daga bango. Sensa da jiniya da allon lambobi ma kowanne yana da nasa. Abin takaici, sau da yawa za a buɗe akwati a tarar an naɗe tamfa da salatif ko an haɗe bakinta da guntun waya, don kada ta dami mai aiki. Ranar karɓar aiki ka sa a buɗe kowane murfi a gabanka.

Rezisto kuma shi ke sa akwatin ya gane an yi wa waya wasa. Ba tare da shi ba, wanda ya samu wayar maganaɗisun ƙofa ya haɗe jijiyoyinta biyu, akwatin zai ɗauka ƙofar a rufe take har abada. In akwai rezisto a can ƙarshen, cikin sensar, akwatin yana sa ran wani adadi takamaimai, ya ragu ko ya ƙaru ya san da matsala. In aka sa biyu, yana bambance abu huɗu: lafiya, an buɗe, an yanke, an haɗe. In kuwa a bakin akwati aka ɗaura rezisto, to tsawon wayar duka ba mai gadinta.

9. In an ɗauke wuta, awa nawa batirin zai riƙe?

Lissafin ba wuya. Batirin da aka saba sawa shi ne 12V 7Ah. Gida mai allo ɗaya, sensar motsi shida da na'urar kira yana jan kimanin 0.35A. Ba a lissafa batiri duka, kashi 80 cikin 100 ake ɗauka, wato 5.6, a raba da 0.35, ya ba da awa 16. Wannan ga sabon batiri ke nan.

Inda ake faɗawa rami shi ne caji. Cajar cikin akwati ƙarama ce, batirin da ya ƙare yakan buƙaci kusan yini guda a kan wuta kafin ya cika. Unguwar da wutar kamfanin lantarki na JED ke zuwa awa huɗu ta tafi, batirin kullum a rabin ciki yake kwana, kuma duk lokacin da ya sauka ƙasa da 10.5V wani ɓangare nasa ya mutu ke nan. Shi ya sa batirin da ya kamata ya yi shekara uku zuwa biyar yake kumbura cikin shekara ɗaya. Maganin shi ne a ciyar da akwatin daga inbata ko sola, batirin ciki ya zama ajiya ta biyu. Layinsa ya zama na kansa, ba soket ɗin da wani zai zare ya sa cajar waya ba. A kunna sanarwar ɗaukewar wuta da ta raunin batiri. In wayarka ta ce an ɗauke wuta a gidanka alhali maƙwabta suna da ita, kada ka ɗauke shi wasa.

Gwaji: a kan caji mitar gwaji ta nuna 13.6V zuwa 13.8V. Cire wuta, bar shi awa ɗaya yana aiki. In ya faɗo ƙasa da 12V, canza shi. Rubuta ranar da aka sa sabo a jikinsa da maka.

10. Na'urar ta ƙone bayan an dawo da wuta. Yaya zan hana sake faruwa?

Hanya uku wuta ke kashe akwati: dawowarta da ƙarfi, juya canji zuwa janareta tun bai daidaita ba, da tsawa lokacin damina. A sa abin kariya mai jinkiri, irin na firji, wanda ke riƙe wuta 'yan mintoci kafin ya sake ta, a sa kuma mai tare hauhawar wuta a allon rarrabawa. Na biyun ba ya aiki sai da wayar ƙasa ta gaskiya, wato sandar tagulla da aka kafa a ƙasa aka haɗa ta da allon da jikin akwatin. Gidaje da yawa ramin soket na uku ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Dogayen wayoyin da suka fita zuwa get ko katanga su ne ƙofar tsawa, a binne su cikin bututu, a sa musu nasu abin kariya a inda suka shigo gini.

11. Wane layin waya zan sa, kuma in an toshe sabis fa?

Wanda ya fi ƙarfi a lungun da akwatin yake, ko MTN ne, ko Airtel, ko Glo. In akwatin na ɗaukar layi biyu, a sa na kamfanoni daban. Mafi kyau a ba shi hanya biyu, intanet na gida da layin waya, ɗaya ta faɗi ɗaya ta ɗauka. Rauta ma, wato na'urar da ke raba intanet a gida, a ɗora ta a kan inbata, in ba haka ba hanyar farko tana mutuwa tare da wuta.

Abin da ya fi kashe layin alam ba ɓarawo ba ne, mantuwa ce. Kuɗi ko data su ƙare, ko kamfani ya rufe layin saboda ya daɗe ba a yi komai da shi ba, ko saboda ba a haɗa shi da NIN ba. Yi rajistarsa da sunanka, ba da sunan mai haɗawa ba, cire masa lambar PIN kafin a sa, saita saƙon gwaji na mako-mako, kuma kada ka rarraba lambar. Game da na'urar toshe sigina, akwati mai kyau yana gane an cika iska da hayaniya ya ɗauki hakan a matsayin hari, ya tayar da jiniya ya aika saƙo ta wayar intanet. A tabbatar an kunna wannan saitin, wasu a kashe suke zuwa.

12. Wa ya kamata ya san lambar sirri?

Da ɗan gari ake cin gari. Wanda ya san lamba ba ya buƙatar guduma. Kowane mutum a ba shi lambarsa, maigida, uwargida, amarya, babban ɗa, mai aiki. Ta haka kundin na'urar zai nuna wa ya kashe, da ƙarfe nawa, kuma ranar da mai aiki ko maigadi ya bar gidan tasa kaɗai za a goge. Mai zuwa da rana a ba shi lamba mai iyaka da ba ta aiki da dare. Rimot ɗin da ya ɓata a goge shi ranar.

Lambobi biyu ne manya: ta mai gida da ta mai haɗawa. Ta farko takan zo daga kamfani a 1234, ta biyun kuma tana rubuce a littafin na'urar da kowa ke iya saukewa a intanet, kuma da ita ake canza komai. Bayan an gama aiki a canza duka biyun a gabanka, ka rubuta ka adana a wani wuri ban da cikin akwatin. Mai haɗawar da ya ƙi ba ka tasa ya riƙe maka makullin gida ne. Kada a yi amfani da shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya. A kunna kullewar allo bayan kuskure uku zuwa biyar, a riƙa goge allon, don maɓallai huɗun da suka fi datti suna tona asiri.

Akwai kuma lambar tilas. In an tsare mutum aka ce ya kashe alam, ita zai danna: na'urar ta yi kamar ta mutu, amma ta aika saƙon neman agaji a ɓoye. Manyan gida kaɗai za a koya wa, kuma kada saƙon ya je wayar da ke cikin gidan.

13. Ana iya kutsawa ta intanet a kashe min alam ko a kalli kyamarata?

Ana iyawa, kuma galibi ta kalmar sirrin da ba a canza ba. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, ciki har da kyamarori da na'urorin naɗi, ba da wata dabara ba illa gwada kalmomin sirri na kamfani. Canza ta rauta, ta Wi-Fi, ta DVR (na'urar naɗin hoton kyamara) da ta manhaja, kowacce daban. Kunna tantancewa mai mataki biyu. Kashe UPnP a rauta, wato saitin da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa zuwa intanet, kada a buɗe wa kyamara ƙofa kai tsaye zuwa intanet, a riƙa sabunta manhajar cikin na'urorin.

Wanda aka fi mantawa: asusun manhajar da imel ko lambar wa aka buɗe shi? Masu haɗawa da yawa da nasu suke buɗewa sannan su raba maka. Ma'anarsa yana ganin tsakar gidanka da iyalinka daga wayarsa duk lokacin da ya so. Kai za ka zama mai asusun, in gyara ya taso ka ba shi izini na ɗan lokaci. Kyamara kuma ta kalli get, katanga da ƙofofi. Ba ta da hurumi a ɗakunan kwana, ko tsakar gidan maƙwabci.

14. Ɓarayi kan tafi da DVR. Yaya zan kare shi?

A fitar da shi daga ƙarƙashin talabijin. Hukuncinsa ɗaya da na akwatin alam a tambaya ta 5, sai dai shi yana buƙatar iska, don haka akwatin ƙarfe mai makulli da huji ko ƙaramar fanka. Hoto ya zo falo ta doguwar wayar HDMI ko ta manhaja. Kyamarar get da ta ƙofar shiga a sa musu katin ajiya a jikinsu, a kuma kunna tura hoton motsi zuwa waya ko ma'ajiyar intanet, ta yadda ko an ɗauke DVR fuska ta riga ta fita. Wasu kan bar tsohon DVR da ya mutu a falo da wayoyi a jikinsa, dabara ce mai arha.

Kyamara ɗaya mai 2MP a kan 2Mbps tana cin kimanin 21GB a yini, huɗu 86GB, wato faifan 1TB zai riƙe kwana 11. A sayi faifan da aka yi don naɗi dare da rana, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk. Kyamara huɗu da DVR suna jan wat 40 zuwa 50, awa 12 ke nan wat-awa 600, daidai rabin batirin 12V 100Ah, wanda shi ne iyakar abin da ya kamata a zuƙa daga batirin dalma.

15. Me ke sa alam tashi ba kowa, musamman da bazara da hunturu?

Sensar motsi ɗumin jiki take gani yana gilmawa. Rana ta taga, iska mai zafi daga kicin, labulen da fanka ke kaɗawa, kyanwa, tsaka a kan gilashinta, gizo-gizo ko tururuwa a cikinta, duk suna ruɗa ta. A kafa ta a kusurwa, tsayin mita 2.1 zuwa 2.4, tana kallon cikin ɗaki, a toshe hujin wayarta da silikon. Da bazara matsalar takan juya: ɗaki ya kai digiri 35 zuwa 37, ya yi daidai da jikin mutum, sensar ta rage gani. Don rage ƙarar banza kuma, ɗakin akwati da falo a sa musu mai ido biyu, wadda ta haɗa ɗumi da igiyar rada. Da hunturu ƙura ce, a goge da busasshen ƙyalle duk wata.

Ƙofar ƙarfe tana raunana maganaɗisu, iska ta girgiza ta alam ya tashi. Akwai manya da aka yi don ƙarfe da get. Raunin batiri ma yana jawo ƙarar banza a daidai lokacin da aka ɗauke wuta, duba tambaya ta 9. Kada a yi ta kashe shiyya don a huta, kundin na'urar zai faɗi wace sensa ce.

16. Maigidana yana yawan tafiya, ni da yara ne a gida. Za mu iya kunna shi muna ciki?

Ƙwarai, Hajiya. Yanayi biyu ne: na fita, wanda komai ke kunne, da na gida, wanda ƙofofi da tagogi da katanga ke kunne amma sensar cikin ɗakuna ke barci, ki yi zirga-zirgarki. Ki sa a bar sensar ɗakin akwati a kunne a kowane yanayi. A kafa miki maɓallin neman agaji a gefen gado, wanda ke aiki ko alam a kashe. In maigida yana gari, fitar sallar Asuba ba ta buƙatar kashe komai, akwai saitin da ke ba ƙofa ɗaya izinin buɗewa sau ɗaya ta koma kan tsaro. Gidan da ke da sassa biyu ko uku, akwati ɗaya yana rabuwa kowane sashe da allonsa da lambobinsa, wata ba ta kashe na wata. Lokutan da gida ke zama wayam, Juma'a, Idi, tahajjud da biki, su ne na yanayin fita.

17. Za a iya haɗa wayar lantarki ta katanga da alam?

Ana haɗawa. Na'urar da ke ba wayar wuta tana da baki na musamman da ake kaiwa shiyya ɗaya a akwatin, an yanke ko an taɓa, saƙo ya zo. Ita ma na'urar a ajiye ta cikin gini da makulli, kuma wayarta mai babban ƙarfi kada ta bi bututu ɗaya da ta alam. Da rani ƙasa ta bushe bugun ya yi rauni, sai an ƙara sandunan ƙasa. Da damina rassan dogonyaro da ciyawa ke jawo ƙarar banza. Kada a kuskura a jona wayar katanga kai tsaye da wutar gida ko janareta. Na'urar gaskiya bugu take yi gajere, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, mai ƙayyadadden ƙarfi. Wutar gida riƙewa take yi har ta kashe, kuma yaron maƙwabci ko mai gyaran eriya ta fi kamawa.

18. In ya tashi, wa zai zo?

Wanda ka shirya da shi tun kafin ranar. Sa aƙalla lambobi uku a jerin kira: taka, ta wani ɗan'uwa da ke cikin gari, da ta maƙwabci ko shugaban 'yan sintirin unguwa. Ka sanar da mai unguwa da maƙwabta cewa ka sa jiniya, su san sautinta. Ajiye lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa, ga kuma 112 ta kiran gaggawa. In kamfanin gadi za ka ɗauka, nemi ganin lasisinsa, hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu. Saita jiniya ta yi minti uku zuwa biyar ta tsaya, ta sake tashi in an sake motsi. Idan saƙo ya same ka a waje, duba kyamara, yi kira, kada ka shiga kai kaɗai.

19. Me zan gwada ranar karɓar aiki, kuma bayan nan fa?

Kada ka biya cikon kuɗi sai an yi waɗannan kana tsaye. A bi kowace ƙofa da sensa ɗaya bayan ɗaya, sunanta ya fito daidai a waya, “tagar kicin” ba “shiyya ta 6” ba. A buɗe kowane murfi. A kashe wuta a ga sanarwa. A zare intanet a tayar da alam, a mayar a zare layin waya a sake tayarwa. A cire wayar jiniyar waje a ji ta yi kuka da kanta. A gwada lambar tilas bayan an gargaɗi masu karɓar saƙo. Sannan ka karɓi makullin akwati, lambobin sirri, asusun manhaja, da takardar da ta nuna wace waya ta tafi ina.

Bayan nan, duk wata a tayar da shi sau ɗaya da rana a duba kuɗin layi. Duk wata uku a gwada batiri a kuma karanta kundin. Kafin saukar damina a duba wayar ƙasa da bakin kyamarorin waje, bayan hunturu a buɗe akwatin a hure ƙura. Batirin sensa mara waya, irin CR123A, yakan yi shekara biyu zuwa biyar. In ɗaya ta yi ƙorafi, a canza na duk waɗanda aka sa rana ɗaya da ita.